Gashin da ke zuba a shagona

Shekara 11 ina kitso a Aboabo, nan Kumasi, amma sai bara na san cewa gashin da ke zuba a ƙasa ma aikina ne. Mata kan zo da goyo, su shimfiɗa zane a gefe su ajiye yaro, ni kuwa idona na kan tsaga.

Wata Alhamis ana shirin biki, shago ya cika. Maƙwabciyata ta ga 'yarta mai rarrafe tana mamular baki, ta sa yatsa ta zaro sili biyu, saura ya riga ya wuce. Ta ɗora hannu a ka: "Yaya, ta haɗiye! Zai naɗe mata hanji!" Muka bar kitso rabi, sai asibiti.

Nas ɗin da ta duba yarinyar ta kwantar mana da hankali. Ta ce gaskiya ne ciki ba ya narkar da gashi, amma sili ɗaya ko biyu yakan bi kashi ya fita. Abin gudu ga jariri shi ne ƙulli mai yawa da zai shaƙe shi. Sai kuma yaron da ya mai da abin ɗabi'a, yana tsigar gashinsa yana ci wata da watanni. Wannan kam gashin yakan taru ya cure a tumbi, yaro ya riƙa amai da ciwon ciki, loma biyu ya ƙoshi, ya yi ta ramewa, har ta kai ga tiyata. Sau da yawa akan tarar yana da ƙarancin jini, kamar yara masu cin ƙasa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na yatsa. Na daɗe da sanin cewa mai jego, wata 3 zuwa 4 bayan haihuwa, gashinta kan cika mataji. A hannuna yake zuba. Ashe sili ɗaya daga ciki zai iya shiga safar jariri ya naɗe ɗan yatsan ƙafa, ko al'aurar ɗa namiji, ya yi ta matsewa har ya nutse cikin fata ya tare jini. Yaro na tsala ihu, ana ta ɗura masa jiƙo da sunan ciwon ciki, ba wanda ya cire safa ya duba.

Mu mata mun iya tattara gashinmu mu ƙulle a bakin zane don tsoron sammu. Ban taɓa ganin wadda ta tattara shi don ɗan da ke rarrafe a gabanta ba, har ni.

Da, sai an kusa magariba nake shara. Yanzu kowane kai na gama sai tsintsiya, guntayen gashin kanti kuma leda suke shiga tun daga bakin almakashi. Mai jego in ta zauna, kafin in tsefe mata nakan ce, "Ƙanwata, miƙo shi in ga yatsunsa."