Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Daga Shimfiɗar Katsina zuwa Ƙololuwar Gaustatoppen

Masu bibiyar wannan labari za su tuna cewa a makon jiya na tsaya ne a inda sunana ya fito cikin ƙuri'ar shiga gasar Norseman, wadda ake yi a ƙasar Norwe a farkon watan Agusta tun daga shekarar 2003. Ga wanda bai karanta wancan kashi ba, gasar ta haɗa abubuwa uku ne a yini ɗaya ba tare da hutu a tsakani ba: iyo na kilomita 3.8 a cikin ruwan teku mai tsananin sanyi, tseren keke na kilomita 180 a kan tsaunuka, sannan gudu na kilomita 42.2 wanda ke ƙarewa a ƙololuwar dutsen Gaustatoppen, mai tsayin mita 1,883. Abin da ban faɗa ba a wancan makon shi ne dokar da ta fi kowace damuna, wato cewa masu shirya gasar ba sa ciyar da kowa a hanyar keke, kuma ba sa barin kowa ya hau dutsen shi kaɗai. Dole ne kowane ɗan gasa ya zo da mai rakiya wanda zai bi shi da mota yana ba shi abinci da tufafi, daga ƙarshe kuma ya ajiye motar ya hau dutsen tare da shi da ƙafa.

Da na kai wa Baba maganar a zaurensa bayan sallar isha'i, ya saurare ni har na gama bai katse ni ba, sannan ya tambaye ni ko nawa ake ba wanda ya ci. Na ce masa riga ce kawai, baƙa ga wanda ya kai ƙololuwa, fara ga wanda ya kammala ta hanyar ƙasa. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, “Jikinka amana ne a hannunka, kuma kana da iyali. Ba zan hana ka ba, amma da sharaɗi ɗaya: ƙanenka ne zai raka ka, kuma duk inda ya ce ka tsaya, to ka ɗauka ni ne na ce ka tsaya.” Na ce, “To, Baba, na ji kuma na amince.” Wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san nauyin wannan magana, domin yaron da aka ɗora a kaina shi ne wanda na goya, na kai shi makarantar allo, kuma har yau ba ya kiran sunana sai dai ya ce Yaya.

Shirin ya tilasta mini neman abubuwa biyu da Katsina ba ta da su, wato tudu mai tsawo da ruwan sanyi. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, sai dai duwatsu jefi-jefi irin na wajen Dutsin-ma, waɗanda matsalar tsaro ta sa zuwa gefensu da asuba ba hikima ba ce a lokacin. Keke dai bai ba ni wahala ba, domin hanyar Daura ta Mashi tana da kimanin kilomita 80, idan mutum ya je ya dawo ya kusa cika adadin gasar, ga iska da ke dukan ƙirji a buɗaɗɗen fili, wadda daga baya na gane ta fi komai amfani a cikin horon. Hawa kuwa sai na koma matakalar filin wasa na Muhammadu Dikko, ina hawa ina sauka da jaka a baya cike da yashi, kuma idan hali ya yi na tafi Jos na hau duwatsun Shere. Madatsun ruwa irin su Ajiwa na guje su saboda tsargiya, na riƙa iyo a ƙaramin wurin wanka na wani otal, inda mutum ke juyawa tun kafin hannunsa ya saba da bugun ruwa.

Sanyi ne ya zama babban aiki. Na sayi duro na roba na ajiye a bayan gida, nakan cika shi da ruwa, in zuba ƙanƙarar da na sayo wajen masu injin sanyi, sannan in shiga har wuya bayan sallar asuba. Minti na farko numfashi yakan ƙwace, ƙirji ya riƙa ja da kansa, yatsu su yi fari su ƙage, kuma abin da ake koya a nan shi ne yadda mutum zai dawo da numfashinsa hannunsa kafin tsoro ya riga shi. Ƙanena ne ke riƙe agogo. A watan azumi ƙanƙara ta yi tsada ƙwarai saboda masu buɗa baki, ni kuma na mayar da gudu da keke zuwa bayan tarawihi. A cikin waɗannan watanni ne na lura shi ma ya fara bina matakalar filin wasa da tasa jakar, ba tare da na ce masa komai ba.

Ranar gasa mun yi sallar asuba a masauki, domin a can arewa alfijir na bazara yana ketowa da wuri sosai, sannan muka gangara bakin ruwa a garin Eidfjord, inda jirgin fito mai ɗaukar motoci ke jiran 'yan gasa. Jirgin yana kai mutane cikin Hardangerfjord, wani tsagin teku da ya kutsa tsakanin dogayen duwatsu, a buɗe bakinsa, kowa ya yi tsalle ya faɗa ruwa daga tsayin kimanin mita 4. Kafin tsallen ana fesa wa mutane ruwan teku da mesa don jiki ya fara sanin abin da ke jiransa. An busa ƙaho da ƙarfe 5 na safe, wanda ya yi daidai da ƙarfe 4 a Katsina, kuma na san a wannan lokacin Inna tana kan dardumarta. Ruwan baƙi ne ƙirin, ba a ganin ƙasansa, sanyinsa yana ratsa rigar roba ta wuya ya gangara baya, amma numfashina bai ƙwace ba, kuma a nan na gode wa duron bayan gida. An hura wuta babba a gaɓar ruwa don masu iyo su riƙa saita kansu da ita, na bi ta har na taka ƙasa.

Ƙanena ya cire mini rigar robar domin yatsuna sun kasa kama zik, ya ɗura mini shayi mai zafi, ya sa mini rigar da ke ƙyalli a duhu, wadda doka ta wajabta saboda ramukan da aka huda cikin duwatsu a farkon hanya. Daga bakin teku hanyar tana hawa ta kwarin Måbødalen ba sassauci har zuwa Dyranut, sama da mita 1,200, a kan tudun Hardangervidda. Wuri ne fetal babu itace ko ɗaya, sai duwatsu da tafkuna da ragowar ƙanƙara a gefen tsaunuka a tsakiyar bazararsu. Iskar wurin ce ta karya mutane da yawa waɗanda suka fi ni ƙarfin hawa, ni kuwa na sunkuyar da kai na riƙe sirdi kamar ina tsakanin Mashi da Daura a watan hunturu. Bayan garin Geilo, wanda ke tsakiyar tafiyar, akwai hawa huɗu a jere, na ƙarshensu Imingfjell shi ne mafi tsanani, domin yana zuwa ne lokacin da ƙafa ta riga ta ƙare. A duk inda aka yarda mota ta tsaya, sai in tarar da ƙanena a tsaye da gora a hannu ɗaya, dabino da dambun nama a ɗaya hannun, yana duban idona kafin ya dubi keken. A Austbygde, inda ake ajiye keke, na haɗa azahar da la'asar a matsayina na matafiyi, shi kuma yana kwance mini igiyar takalmin gudu.

Kilomita 25 na farkon gudun shimfiɗe suke, galibinsu a gefen tafkin Tinnsjø, kuma babu abin faɗa a kansu sai cewa akwai inda dutsen ke bayyana a gabanka gaba ɗayansa, da dogon ƙarfen sadarwa a kansa, har zuciya ta ƙi yarda cewa can ake nufi. Daga nan ake shiga hawan da 'yan gasar ke kira Zombie Hill, kwalta ce mai lanƙwasa tana hawa kilomita bayan kilomita, inda kusan kowa ke daina gudu ya koma tafiya. Abin da ke hana mutum sakin jiki shi ne lissafi, domin mutum 160 na farko da suka isa shingen tantancewa cikin ƙayyadadden lokaci su ne kaɗai ake bari su nufi ƙololuwa, sauran a juya su zuwa hanyar ƙasa. Duk wanda ya wuce ka a wannan hawa, kana jin kamar da rigarka ya wuce. A ganina wannan doka tana da tsauri, amma tana da hujja, domin dutsen ba ya ɗaukar jama'a da yawa, kuma ba a son dare ya riski gajiyayyu a kansa.

A tsakiyar hawan cikina ya juya, na daina iya haɗiye komai, tsokar cinyata ta dama kuma ta riƙa ɗaurewa. Mun isa Stavsro, inda kwalta ke ƙarewa a kilomita 37.5, ina cikin waɗanda aka yarda su hau, kuma ma'aikatan gasar suka buɗe jakunkunanmu suka tabbatar akwai tufafin sanyi da abinci da ruwa da tocila da waya. Sun ba ni hanya, amma ƙanena ya tsaya a gabana bai matsa ba. Ya ce, “Yaya, ka yi haƙuri, ba za mu wuce nan ba sai ka zauna ka ci wani abu ya zauna a cikinka.” Na ce masa mutane suna wucewa. Ya ce, “Su wuce, Yaya, ai an riga an ƙidaya ka. Baba ya ce in duba ka, kuma leɓenka ya canza launi, maganarka tana harɗewa.” Muryarsa tana rawa lokacin da yake faɗin haka, kuma idonsa yana ƙasa, domin bai taɓa yi mini magana irin wannan ba tun da aka haife shi.

Na zauna a kan wani dutse. Ya sa mini rigar sanyi da hula, ya jiƙa dabino a ruwan ɗumi ya riƙa ba ni ɗaya bayan ɗaya, ya sa na lasa gishiri, sannan ya tambaye ni sunayen 'ya'yana da shekarunsu, ya kuma sa na karanta masa wata gajeriyar sura don ya ji ko harshena ya daidaita. Ban ga laifinsa ba a lokacin, kuma har yau ina ganin abin da ya yi shi ne daidai, domin sanyi da ƙarancin sukari idan suka haɗu a jikin mutum, hankalinsa suke fara taɓawa, ya zama shi ne na ƙarshen sanin halin da yake ciki. Sai da rawar jikina ta lafa ya miƙe ya ce, “Bismillah, Yaya, mu tafi, amma ni ne a gaba.”

Abin da ya rage bai kai kilomita 5 ba, amma babu hanya a cikinsa sai tarin duwatsu manya da ƙanana, wasu suna motsi idan an taka su, wasu kuma an jera su kamar matakala. Kowane taku sai na ɗaga ƙafar dama da taimakon hannu. Hazo ya sauko ya rufe mu har ba ma ganin ƙarfen sadarwar, sai jar alamar da aka shafa a jikin duwatsu muke bi, ƙanena yana gwada kowane dutse da ƙafarsa kafin ya ce in taka. Masu yawon buɗe ido da ke saukowa suna matsa mana suna tafi, da yara ƙanana a cikinsu. Ana cewa idan gari ya washe ana hango kusan kashi ɗaya cikin shida na ƙasar Norwe daga saman, mu dai ba mu ga komai ba sai bukkar dutse da ke can da mutanen da suka lulluɓa mini bargo suka miƙo mini miya mai zafi. Na yi sujada a inda na samu wuri, na tashi na tarar ƙanena ya zauna ya riƙe gwiwarsa ta hagu da hannu biyu, ashe tun a tsakiyar duwatsun ya gurɗe bai faɗa mini ba.

Saukowa ba da ƙafa muka yi ba. A cikin dutsen akwai wani ƙaramin jirgin ƙasa da ake ja da igiya, Gaustabanen, wanda aka gina don aikin soja aka kammala a 1959, daga baya aka buɗe shi ga jama'a, kuma a cikinsa muka gangara, ni ina tallafe da shi a wannan karon. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda aka raba riguna washegari, da yadda muka yi da gwiwar ƙanena kafin mu kamo hanyar gida, da kuma abin da Inna ta ce da ta ga ya sauko daga mota yana ɗingishi.