Daga Malesiya zuwa ga mutanen Zariya masu cewa in taho musu da laftof

Assalamu alaikum mutanen gida, na cikin ganuwa da na waje, Tudun Wada, Sabon Gari, Samaru har Shika. Ya zafi, ya fama da wuta? Mu nan Serdang kusa da Kuala Lumpur sai godiyar Allah, ruwan sama kusan kullum kamar Agusta ta ƙi tafiya, ga gumi ba a magana.

Tunda na yi suɓutar baki na faɗa wa Yaya cewa ina sa ran leƙowa gida bayan azumi wayata ba ta huta ba. Kun san mun riga ku da awa 7, to lokacin da kuka idar da isha'i kuka ci tuwo kuka miƙe ƙafa kuna turo saƙo, ni nan asuba ta kusa. Kuma saƙon duk iri ɗaya ne, "dan Allah ka taho min da laftof ƙarama mai ƙarfi, i7." Kawu ya turo, ƙanwata mai karatun zanen gine-gine a ABU ta turo, wani abokina lakcara a harabar ABU ta Kongo ya turo, shi kuma Yaya da ke da shagon buga furojet a Samaru cewa ya yi ya gaji da destof ɗinsa, kullum sai an tada janareto kafin ya buga ko shafi ɗaya. Na ga maimakon in ta maimaita magana ɗaya ga mutum goma gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Eh, laftof ƙarama ta yanzu za ta iya maye gurbin destof, ni kaina shekara uku ke nan ban taɓa destof ba kuma duk lissafin bincikena a kan 'yar inci 14 nake yi. Amma wallahi yadda kuke zaɓe ne ke ba ni tsoro, don ni ma haka na zaɓa farko na sha wuya.

Kafin in taho nan na sayar da destof ɗina na cika kuɗi na shiga wani shago da ba zan kama suna ba, mai shagon ya ɗauko wata siririya kamar faranti yana shafa ta yana cewa Malam i7 ce fa, daga i7 sai Allah ya isa. Na ga sitika, na ji nauyinta kamar littafi, ban tambayi komai ba na biya. Sati biyu ba a yi ba na gane na sayi kwalliya ne. In na buɗe aiki mai nauyi sai fankarta ta hau kuka kamar injin markaɗe, ƙasanta ya yi zafin da ba ka iya ɗora ta a cinya, daga nan sai komai ya fara tafiyar hawainiya. RAM ɗinta, wato inda kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi, gig 8 ne, na kai wa mai gyara ya ƙara, yana buɗewa ya kalle ni ya ce ai wannan a manne take da allon, babu inda za a ƙara. Haka na dawo gida jiki a sanyaye.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne i7 suna ne kawai na gida a cikin furosesocin kamfanin Intel, wato injin da ke tafiyar da kwamfuta, kamar ka ce wane ɗan gidan sarauta ne, to wane zamani? Lambar da ke bin bayan sunan ita ce maganar. In ka ga i7-7500U, wannan 7 ta farko tana nufin zubi na bakwai ne, kuma ƙwaƙwalwar aikinta guda 2 ce kacal. Ita kuwa i5-8250U da ta fito a 2017, zubi na takwas, guda 4 gare ta, wato i5 ɗin nan ta fi waccan i7 ɗin aiki nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa ta fi ta araha a kasuwa saboda mutane sitika suke saye. Daga zubi na goma lambobi biyu na farko ake karantawa, misali 1135G7 na sha ɗaya ne. Sannan akwai harafin ƙarshe. U mai tattalin wuta ce, wajen wat 15, ta dace da rubutu da SPSS da intanet da kallo. H kuma mai cin wuta ce, wajen wat 45, ita ce ta masu zane da haɗa bidiyo, amma tana shan batir tana kuma fitar da zafi. Kuma dan Allah ku daina raina furosesar AMD Ryzen, har yanzu wasu a gida suna ganin in ba Intel ba ce to jabu ce, alhali Ryzen 5 da Ryzen 7 na shekarun nan ba su da abin kunya ko kaɗan.

Akwai wani dalili kuma da ya sa nake nanata zubi na takwas zuwa sama. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 a ƙa'ida daga zubi na takwas na Intel take farawa. Na san akwai yaran da za su ɗora maka ita ta bayan fage a kan kowace irin kwamfuta, amma kamfanonin Turai da Amurka suna ta sauke tsofaffin da ba su cika sharaɗi ba, kuma kun san inda irin wannan kaya ke ƙarewa, kwantena ce zuwa Legas, daga Ikeja a watso su Kano da Kaduna da Zariya da sunan Landan yus. Kar ka zama kai ne za ka kwashi abin da wasu suka zubar a kan farashin mai kyau.

Yanzu ga inda nake so ku tsaya ku saurare ni sosai, zafi da ƙura. Destof akwati ce babba, iska na shiga tana fita, ko ƙura ta taru ka kwance ƙusa biyu ka hure. Laftof ƙarama komai a cushe yake waje ɗaya, kuma furosesa in ta doshi digiri 100 da kanta take rage gudu don kar ta ƙone. To waɗanda suka ƙera siraran nan a ofis mai AC suke gwada su, ba a shago mai rufin kwano a Samaru cikin watan Afrilu ba lokacin da garin kansa ke neman digiri 40, an ɗauke wuta fanka ba ta juyawa. Ga hunturu kuma, ƙurar da muke sharewa a kan tebur sau uku a rana ita ce fankar laftof ke zuƙa tana tarawa ciki har ta zama kamar auduga. Shi ya sa ƙarfin da aka rubuta a kwali ba shi ne ƙarfin da za ka samu a Zariya ba. Laftof mai ɗan kauri da ke numfashi da kyau za ta wuce siririya mai babban suna in aiki ya kai awa biyu. Ni dai in za a bi tawa, inci 14 ita ce daidai, nauyinta wajen kilo ɗaya da rabi, tana shiga jakar goyo ka hau acaɓa ko Keke daga Kwangila zuwa PZ ba wanda ya san kana ɗauke da ita. Inci 13 ta cika matsewa, 15 zuwa sama kuma an fara fita daga maganar ƙarama.

Kuma cikin inci 14 ɗin ma ku nemi irin waɗanda ake yi wa ma'aikatu, ThinkPad jerin T, Dell Latitude, HP EliteBook. Ba su da kyan gani, ThinkPad ma baƙa ce ƙirin kamar allon makarantar boko, amma an yi su don a riƙa buɗewa ana gyarawa, kuma kayan gyaransu sun cika kasuwa, batir da kibod da sikirin duk za ka samu a Sabon Gari ko a aiko maka daga Kano. Irin su T480 da EliteBook 840 G5 ramin RAM biyu gare su, yau ka saya da 8 gobe in Allah ya hore ka mayar 16 ko 32. Su kuwa X1 Carbon da XPS 13 masu kyau ne ƙwarai ba na musu, sai dai RAM ɗinsu a manne take, abin da ka saya da shi da shi za ku rabu, don haka in su ka nace to kar ka karɓi ƙasa da 16. Wajen ajiya kuma SSD kawai, ko 256 ce ta fi tsohon had dis mai 1000 da ke juyawa yana ƙara, in da hali 512.

Ƙanwata, ke taki daban ce. AutoCAD da Revit da fitar da hoton gini suna son katin zane na musamman, irin NVIDIA, kuma nan ne ƙarama da ƙarfi suke fara faɗa da juna. Akwai masu inci 14 da ke da shi kamar Zephyrus G14, amma kuɗinsu ba na ɗalibi ba ne, cajarsu kaɗai ta kusa rabin bulo, batir kuma in kina aiki mai nauyi kar ki sa rai da awanni masu yawa. Ki haƙura da ƙanƙanta ki ɗauki mai ɗan jiki. Kuma kar ƙawaye su ruɗe ki da MacBook, Revit ba ya hawa kanta kai tsaye, haka ArcGIS Pro ga 'yan jogirafi. Ban ce MacBook ba ta da kyau ba fa, tun da Apple suka fito da M1 a 2020 batirinta ya zama abin mamaki, Air ɗin ma ko fanka babu balle ta zuƙi ƙura, wanda aikinsa rubutu ne da intanet kamar Malam na Kongo zai ji daɗinta sosai. Amma ranar da ta lalace ka shirya tafiya da kuɗi, kuma in ta hannu ce ka tabbata mai ita na farko ya cire asusunsa na iCloud, in ba haka ba ka sayi madubi.

Yaya, kai kuma da kake cewa za ka sayar da destof gaba ɗaya da komai nata, dan Allah kar ka yi. Akwatin kawai za ka rabu da shi in ka ga dama, amma ka riƙe sikirin da kibod da maus. Ka sa wayar HDMI ka haɗa laftof da babban sikirin, in tsohon mai VGA ne akwai ɗan abin haɗi mai araha, ka ɗora laftof ɗin a kan wani abu ta ɗan ɗaga iska na shiga ta ƙasa, shi ke nan ka samu destof da rana, da yamma ka zare waya ɗaya ka tafi da ofishinka gida. Yaran shagonka masu dukan kibod kamar suna sussuka su daki na waje mai arha, ba na jikin laftof ba. Wuyanka da idonka ma za su gode maka, don duƙawa kan inci 14 daga safe zuwa magariba ba ƙaramin aiki ba ne. Abin da za ka fi jin daɗi shi ne wuta, destof da sikirinta suna iya cin wat 150 zuwa sama, laftof kuwa cajarta wat 45 ko 65 ce, ƙaramin sola da inbata sun riƙe ta, kuma in an ɗauke wuta kana tsakiyar babi na huɗu na furojet ɗin wani ba abin da zai ɓace. Firinta da fotokwafi dai sai janareto, wannan ba ni da maganinsa. Ka nemi wadda ake caji ta USB-C, don akwai fawa bank masu bada wat 65, mai 20,000 zai iya cika maka ita kusan sau ɗaya.

In za ku saya a gida, kuma gaskiya yawancinku gara ku saya a gida inda in ta ba da matsala za ku koma ku riƙe rigar mutum, kar kunya ta hana ku gwadawa. Ka zauna a shagon ko da awa ɗaya ne. Ka buɗe cmd, wato baƙin shafin rubuta umarni na Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport, zai ajiye maka rahoto a fayil, in ka buɗe shi zai nuna maka abin da batirin ke ɗauka yana sabo da abin da ya rage masa yanzu, in ya zube ƙasa da kashi 70 cikin 100 a rage maka kuɗin sabon batir. Ka danna kowane harafi, ka gwada kowane rami, ka buɗe farin shafi ka duba tabo a sikirin, ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga tun kafin Windows ta tashi, ka tabbata ba a kulle da fasuwod ɗin wani kamfani ba. Ka kalli jerin haruffan ma, wadda ta fito daga Jamus Z da Y sun yi musayar wuri, ta Faransa kuma da AZERTY take farawa, mai buga rubutu da sauri zai sha haushi. Caja kuma a ba ka ta asali, jabun caja da wutarmu mai hawa da sauka su suka fi kashe allon laftof.

Nan akwai wani gini a Bukit Bintang da ake kira Plaza Low Yat, hawa hawa ba abin da ake sayarwa sai waya da kwamfuta, ranar da na fara shiga sai da na ji jiri. Filoginsu ma irin namu ne mai baki uku, ba sai an nemi adafta ba. Amma in ka canza naira zuwa dala, dala zuwa ringit, arhar da kuke hange ba ta kai yadda kuke zato ba, waranti kuma ba lallai ya bi ka har Najeriya ba. Sannan jakar hannu ɗaya gare ni, fawa bank da batir na daban dole a hannu ake riƙe su ba a cikin babban akwati ba, in kuma na jero laftof biyar a gaban jami'an filin jirgin Kano ai sai su ce ɗan kasuwa ne.

Don haka guda ɗaya zan iya ɗaukowa bayan tawa, kuma Hajiya ta riga ta yanke hukunci ta 'yar autarta ce mai zanen gini, wanda ke da ƙorafi ya same ta a Tudun Wada. Sauran ku in kun je shago ku ɗauki hoton lambar furosesa da na rahoton batir ku turo min kafin ku biya, zan duba in na tashi sallar asuba. Kawu, kai da ka ce wa'azi da labarai kawai za ka riƙa kallo, wallahi ba ka buƙatar i7, za mu yi magana in na zo. Yaya a ajiye min kilishi da dakakken yaji, na nan duk zaƙi suke sa wa abinci. A gaida kowa da kowa, sai na iso in Allah ya yarda.