An daki motarka ta baya a Abuja? Kada ka yafe kafin ka san girman ɓarnar

Ƙannena masu sabon lasisi, wanda ya daɗe yana bin goslon Nyanya da Mararaba ko titin Kubwa ya san yadda abin yake ƙarewa. An buge ka ta baya, jama'a sun taru, kowa na cewa a yi haƙuri, ƙaddara ce. Mai laifi ya miƙo 'yan dubbai da lambar waya, a watse. Yawancinmu da muka riga ku riƙe sitiyari a nan muka yi asarar diyyarmu, tun ba a je ko'ina ba.

Yafiya abu ne mai kyau, amma a bakin titi ba ka san abin da kake yafewa ba. Bambar motocin yanzu roba ce, takan lotsa ta dawo kamar ba a taɓa ta ba, alhali ƙarfen da ke bayanta ya lanƙwashe. Buɗe but, ɗaga shimfiɗar, duba ramin safaya ko ya tattare. Rufe but ɗin ka ga ko yana kamawa daidai, ka leƙa salansa, ka dubi tazarar ƙofofin baya. In ƙofa ta fara cijewa, mai yiwuwa bugun ya kai shasi, kuma wannan ba aikin dubu ashirin ba ne. Jikinka ma haka: kai yakan fizgu baya ya dawo gaba, ciwon wuya kuma sau da yawa sai washegari yake tashi. Je asibiti a ranar, a rubuta a kati cewa haɗarin mota ne. In ka bari sai bayan mako biyu, za a ce wani abu daban ya jawo ciwon.

Kafin a matsar da motocin, ɗauki hotonsu yadda suka tsaya, da lambar motarsa, da sawun birki a kwalta, da bidiyon fitilun birkinka suna kamawa. Wannan bidiyon ba wasa ba ne. Galibi na baya ake ɗora wa laifi, don shi ya kamata ya bar tazara, to mafitarsa ita ce ya ce fitilarka a mace take ko kai ka yo baya. In ya tabbatar da haka, kotu na iya raba laifin ta rage maka kuɗi. Ɗauki hoton lasisinsa da takardun motar, ka karɓi lambar shaidu biyu. In akwai rauni, kira 122 ta hukumar kiyaye haɗurra ko 112. Sannan a kai rahoto sashen kula da haɗarin mota na ofishin 'yan sanda mafi kusa, su zana taswirar wurin, ka nemi rahotonsu a rubuce.

Sai inshora, wadda da yawa suka ɗauka takardar wuce shinge ce kawai. Tun 1 ga Janairun 2023 NAICOM, hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, ta mayar da kuɗin inshorar dole ta motar gida naira 15,000 a shekara, tana kuma biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. Inshorar wanda ya buge ka ce za ta biya ka, ba taka ba, sai fa in taka mai ɗaukar komai ce. Danna *565*11# ka sa lambar motarsa tun kuna tsaye, domin takardun jabu sun yi yawa. In ta gaske ce, shi zai sanar da kamfaninsa, kai kuma ka rubuta musu takardar neman biya, haɗe da rahoton 'yan sanda, hotuna da ƙiyasin gyara. Kada ka kai motar wurin makanikai a Apo a fara bugu kafin jami'insu ya gan ta. An gyara, hujja ta tafi. Takardar sallama da za su ba ka kuwa, karanta ta da kyau, don sa hannunka yana rufe maganar, ko da ciwon ya tsananta daga baya.

In babu inshora, ko ɓarnar ta wuce abin da za su biya, direban za ka bi, tare da mai motar idan yaronsa ne kuma a bakin aiki yake. Gurfanar da shi da 'yan sanda za su yi kan tuƙin ganganci shari'ar hukuma ce. Ƙarar diyya taka ce, lauyanka zai shigar. Alƙali ba ya ba da kuɗin gyara da na magani da ka, sai da rasit: na kayan da aka sayo a kasuwar Gudu, na mai fenti, na hoton ƙashi, na janwe. Ɗan tasi ko mai Bolt ya ajiye shaidar cinikinsa na kullum, da ita zai nemi asarar kwanakin da mota ta yi a gareji.

A Abuja akwai tarko guda: motocin gwamnati. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara kan abin da jami'i ya yi a bakin aiki. Ana ta "dawo gobe, oga ya yi tafiya" har wa'adin ya wuce. In lambar gwamnati ce ta buge ka, je ka ga lauya a makon farko.

In kuma sulhu kuka zaɓa, madalla, ya fi sauri. Amma a yi shi bayan makanikenka ya ɗaga motar ya duba ƙasanta, a rubuta adadin kuɗi da ranar biya, kowa ya sa hannu a gaban shaidu, kuɗin kuma ya bi ta banki.