Yini a gandun dajin Belair

Duk wanda karatu ko aiki ya kai shi Adelaide, a kudancin Ostareliya, kada ya yarda ya dawo gida bai shiga dajin Belair ba. Kilomita 13 ne daga tsakiyar gari, kuma jirgin ƙasa yana sauke mutum dab da ƙofarsa. Ni da jirgi na je, kuma hakan ya fi: mai mota sai ya biya kuɗin shiga, mai ƙafa ko keke kuwa kyauta ne.

Asali ƙasar mutanen Kaurna ce. A 1840 Gawler, gwamnan Ostareliya ta Kudu na lokacin, ya keɓe wurin ya zama gonar gwamnati, inda ake kiwon dawaki da shanun aiki. A 1860 aka gina wa gwamna gidan hutun lokacin zafi, ɗan ginin dutse da har yanzu yana tsaye. Daga baya aka so a yanka filin a sayar, mutanen gari suka ƙi, suka yi ta matsa wa hukuma har aka mai da shi gandun dajin ƙasa a 1891, na biyu a duk Ostareliya. Ba don su ba, da yanzu gidaje ne reras.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda wasa da daji suke zaune tare. Kana shiga za ka ga filayen tanis da na kurket, rumfunan cin abinci da wurin gasa nama, ga wurin wasan yara, ga tafkin Playford da agwagi a kai. Ka ƙara gaba kaɗan, hayaniya ta yanke, sai itatuwan turare irin waɗanda muke shukawa a gida, amma nan ne mahaifarsu. A cikin hekta 835 akwai inda ba ka jin komai sai tsuntsaye.

Na bi hanyar da take zuwa inda ruwa ke zubowa daga dutse. Ana ratsa wani rami a ƙarƙashin layin dogo, mai duhu da danshi, rufinsa ƙasa-ƙasa, sai da na sunkuya na kunna fitilar waya. Bayan na fito ne na ga kowala, wani ɗan dabba na Ostareliya mai zama a kan itatuwa. Wata dattijuwa ce ta tsaya tana nuna sama, na ɗaga kai, ga shi dunƙule a tsakanin rassa biyu yana barci, ko motsi bai yi ba. Tun daga nan na riƙa tafiya a hankali, ido a sama.

Mai son ganin ruwan yana zuba ya je tsakanin Yuni da Agusta, lokacin sanyinsu da ruwan sama. Da zafi yakan bushe ƙayau. A ɗauki ruwan sha isasshe. Kuma a duba sanarwar gobara kafin a fito, domin ranar da haɗarin wuta ya kai matuƙa rufe dajin ake yi gaba ɗaya.