Mashin Kawu da na Faris

Ranar Alhamis 8 ga Agusta 2024 na bar Maraɗi da hantsi, za ni Damagaram sunan jikan kawuna. Hanyar ba ta kai kilomita 250 ba, amma motar tamu ta ga jiya ta ga yau. Gero ya yi kore shar tun daga Gazawa har Tasawa. A Takeita direba ya shige ƙarƙashin mota, mu kuwa muka zauna cin gasasshiyar masara muna jiran ikon Allah. Sai bayan la'asar ɗan kabu-kabu ya kai ni Birni, muka ratsa ta gaban fadar Sarki da tsohon masallacin ƙasa. Da na sani da na tsaya na ƙare masa kallo, don a farkon Satumba ruwan sama ya rushe shi.

Kawu tsohon mahayi ne, ya daɗe yana bin Sarki hawan salla. Dokin ya tafi tuntuni, mashin da yake riƙewa a hannu in ana hawa dai yana nan jingine a zaure, ba mai taɓa shi.

Bayan magariba samarin fada suka ɗora shayi a ƙofar gida, suka jingina waya da kwalin sukari. Jifan mashi na maza ake yi a gasar Olamfik ta Faris. Kawu ya fito da carbinsa, ya leƙa.

"Wa suke jifa?"

"Ba kowa, Kawu. Nisa ake aunawa."

"Ikon Allah. A wahalar da mashi ba abokin gaba, ba nama?"

Na ce masa giram 800 ne nauyinsa, tsawonsa ya ɗan haura mita biyu da rabi, kuma in ba tsinin ne ya fara taɓa ƙasa ba, ko mai jifa ya taka layi, an yi asara. Ya ce wannan ai tsinke ne. Yana cikin raina musu Arshad Nadim na Pakistan ya taho da gudu a jifansa na biyu, ya saki: mita 92.97. Da aka gaya wa Kawu saura kaɗan ya ƙure filin ƙwallo, sai carbin ya tsaya. Aka maimaita hoton, ya sa ido sosai, ya ce, "Ɗana, ba hannu ne ya jefa ba. Dubi yadda ya kafe ƙafar hagu, duk jikin ya bi ta kanta." Ni da nake taƙama da sani ban taɓa lura ba.

Mu dai Juliyas Yego na Kenya muke goyon baya, ya ƙare na biyar. Yaran suka ji haushi, sai na ba su labarinsa: a YouTube ya riƙa kallon gwanaye yana kwaikwayo, har ya ci gasar duniya ta Bejin a 2015 da mita 92.72. Wani ya dubi wayar da ke gabanmu ya ce, "Yaya, da irin wannan?"

Abin da ya fi burge Kawu shi ne batun Bajamushen nan Uwe Hon, wanda ya jefa mita 104.80 a 1984. Hukumar wasan ta duniya ta ga mashi na neman kai wa ’yan kallo, sai a 1986 aka matsar da rinjayen nauyinsa gaba da santimita 4 don ya riƙa sunkuyowa da wuri. Ban gama ba ya tashi ya ɗauko nasa, ya ɗora a kan yatsa, yana matsawa har ya tsaya cak. "Nan kake nufi? Maƙeranmu sun san da wannan tun zamanin Sarki Tanimu."

Washegari bayan an raɗa suna an ci tuwo, yaran suka feƙe gora muka nufi wani fili a bayan duwatsu. Wanda ya fi kowa ya jefa taki talatin da ɗaya, ni na yi sha tara, kafaɗata kuma ta kwana uku tana tuna mini. Sun roƙi Kawu aron mashinsa ya ce ko kusa. Amma ya biyo mu, yana daga gefe yana ta faɗa a kafe ƙafa.

Ranar Asabar da zan kama hanya, na tarar da gorar jingine a zaure, kusa da mashin.