Takardun da ban taɓa karantawa ba sun cinye mini wuri

Ƙaramar kwamfutar da nake yawo da ita 'yar gwanjo ce, ma'ajiyarta GB 16 kacal, kuma a liƙe take da allon ciki, ba ta canzuwa. Debian, wani nau'in Linux, na sa mata, mun zauna lafiya kusan shekara. Ranar Laraba ina tsakiyar sabunta manhajoji da apt upgrade sai ta tsaya cak, wai babu sauran wuri.

Na buɗe ncdu, mai nuna abin da ke cin wuri, na leƙa cikin /usr. Ashe /usr/share/doc ya yi tumbi. Kowace manhaja da na taɓa sakawa ta ajiye nata tarkacen a can: changelog.Debian.gz, README, misalai, wasu har da littattafan PDF. Mafi nauyinsu na TeX Live ne, manhajar tsara rubutu da na saka don rubutun digiri, fakitocinsa masu ƙarewa da -doc suka biyo shi saboda na manta da --no-install-recommends, wanda ke hana ƙarin fakitoci biyowa. Ko sau ɗaya ban buɗe su ba.

Cire fakitocin -doc abu ne mai sauƙi. Sauran tarkacen ne ke da taurin kai, domin ko ka goge da hannu, da an sabunta manhajar sai su dawo. Maganin yana cikin dpkg kansa, wato mai saka fakitoci a Debian: ka buɗe fayil a /etc/dpkg/dpkg.cfg.d/, ka rubuta path-exclude=/usr/share/doc/*, a ƙarƙashinsa path-include=/usr/share/doc/*/copyright. Layi na biyun nan kada ka raina shi, fayil ɗin copyright shi ke ɗauke da lasisin manhajar, kuma ƙa'idar Debian ta wajabta wa kowane fakiti ya zo da shi. Waɗannan layuka biyun suna aiki ne kan abin da za a saka nan gaba kawai, na da kuwa kai za ka share. A wasu nau'o'in Linux, masu Fedora suna da tsflags=nodocs, masu Arch kuma NoExtract a pacman.conf.

Inda na yi wauta shi ne zari. Na ga wuri yana buɗewa, sai na haɗa da /usr/share/man, inda shafukan man masu bayanin kowane umarni suke, na goge gaba ɗaya. Bayan kwana biyu na zo saka Java, ta ƙi kammaluwa, saboda update-alternatives, mai haɗa umarni da manhajarsa, na neman babban fayil (folder) ɗin man1 ya ɗaura mahaɗi, bai same shi ba. Da mkdir -p /usr/share/man/man1 aka wuce wurin.

Wanda ya fi ƙona mini rai ya faru a ƙauyenmu, inda sabis sai ka hau tudun bayan masallaci. Ina son kwashe hotunan bikin ƙanwata da rsync, manhajar kwafe fayiloli, na manta ko ana sa alamar / a ƙarshen sunan babban fayil. Na buga man rsync, babu komai. Haka na sa takalmi na nufi tudu da rana tsaka don in duba a intanet.

Da na dawo gari na mayar da shafukan man ta hanyar apt reinstall, duka nauyinsu bai kai rabin abin da TeX Live ya ci ba. Ƙa'idar doc ɗin dai tana nan a dpkg.cfg.d, ban taɓa ta ba.