Lura da iskar oksijin a jini lokacin tiyatar zuciya

Aikina a ɗakin tiyata shi ne taimaka wa likitan sa barci, kuma babban abin da aka ɗora mini shi ne sa ido kan iskar oksijin da ke jinin majinyaci. Na fara da dogaro ga ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, wadda injiniyan Japan Takuo Aoyagi ya gano hanyar aikinta a farkon shekarun 1970. Tana haska jan haske ta cikin yatsa, amma sai jijiya tana harbawa take iya lissafi. Saboda haka, da zarar an mayar da majinyaci kan injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu, aka tsayar da zuciyar, jini ya koma gudana bai ɗaya ba tare da harbawa ba, sai lambar ta ɓace daga allo a daidai lokacin da aka fi bukatarta. Ko kafin nan ma, sanyin yatsa da baƙin lalle suna rikita ta, kuma a kan baƙar fata takan nuna adadin da ya ɗara na gaskiya.

Daga nan hankalina yakan koma wurare uku. Muna ɗibar jini daga jijiyar wuyan hannu kusan duk rabin awa don aunawa. Muna kuma duba jinin da ke dawowa cikin injin, wanda a ganina ya fi kowane faɗin gaskiya, domin shi ke nuna abin da gaɓoɓi suka rage bayan sun ɗauki rabonsu; ba ma so adadin oksijin da ke cikinsa ya sauka ƙasa da kashi 65 cikin ɗari. Yakan faɗi musamman idan aka fara ɗumama jikin da aka sanyaya, saboda bukatar gaɓoɓi tana ƙaruwa.

Na uku shi ne faifai biyu da ake mannawa a goshi don lura da oksijin da ke ƙwaƙwalwa. Na koyi manna su tun majinyaci yana farke, in rubuta lambar farko, domin kowa da tasa. Idan ta ragu da kashi 20 cikin ɗari, nakan faɗa da babbar murya, sai a duba yadda kai ya kwanta da mazaunin bututun injin da ke cikin babbar jijiya, a ɗaga hawan jini ko a ƙara gudun injin, kafin a kai ga shawarar ƙarin jini.